Littafin Awo

Ɗari tara da hamsin, daren Talata.
Na rubuta a bayan littafin lissafin ƙanena,
inda ya bar shafi uku bai taɓa ba.
Roba ta fito ta gefen cibiyar Inna,
ta gangara cikin ledar da aka rataye jikin gado,
ɗis, ɗis, kamar famfonmu na Ƙofar Marusa
ranar da ruwa ya yi niyyar zuwa ya fasa.

Mun zaci an gama.
An cire mahaifa, an cire abin da ke cin ta,
an ɗinke, an sallame mu ran Alhamis,
har Baba Tanimu ya yanka zakara.
Kwana tara, sai zani ya ƙi ɗauruwa.
Ciki ya tashi, ya yi sheƙi kamar tulu.
Wata mai zuwa sannu ta riƙe haɓa:
"Tabawa, a waɗannan shekarun?"
Inna ta yi dariya har ɗinki ya motsa:
"Ɗakin ma an rushe, wa zai kwana a ciki?"
Daren nan a zaune ta yi shi, numfashi ya ƙi kwanciya.

Da aka soka allura
ba jini ya fito ba, ba mugunya ba.
Fari fat, kamar madarar da aka tatso yanzu.
Likita ya jawo takarda ya zana mini:
"Ga kaluluwar da muka kwashe, kada ciwon ya bi ta.
Tsakaninsu akwai hanyoyi, sun fi gashi siranta,
su ke kai maiƙon abinci daga hanji zuwa jini.
Ɗaya ta tsage, ido bai gan ta ba.
In ta bar cin mai, hanyar za ta huta, ta rufe."

Mai!
Matar da ta shekara talatin tana matsar gyaɗa,
turminta kan riga ladan tashi,
ƙuli-ƙulinta ya saya mini takalmin makaranta,
kwalabenta na kaiwa har 'Yar Kutungu.
Yau ita ake miƙa wa gayan shinkafa,
farin ƙwai, kunu tsararo.
Ta ɗaga cokali, ta duba sama da ƙasa:
"Wannan ko marowaci ya ji kunyar bayarwa."

Ran Juma'a Gwaggo Lantana ta shigo
da kwano a ƙarƙashin mayafi.
Fura ce, an dama da kindirmo.
Kurɓa biyu kawai, in ji su, ina can ina alwala.
Washegari leda ta tona asiri:
dubu da ɗari biyu.
Sista Barira ta dubi littafi, ta dube ni.
Inna ta juya fuskarta bango,
ta ce wa bangon, "Amma fa ta yi daɗi."

Ɗari bakwai.
Ɗari bakwai kuma.
Ɗari huɗu da ashirin.
Awarwaronta ya zame har gwiwar hannu.
Na koyi karanta launi kamar mai duban hadari:
farin ya soma sirkawa,
jiya ya koma ruwan kara, ana hango yatsa ta bayansa.

Ta ce, "Rumasa'u, wa ke riƙe da turmin?"
Na ce a kife yake.
Ta yi shiru, can ta ce,
"Mai ba ya fita da ƙarfi. Ruwan zafi kaɗan-kaɗan,
ki juya, ki jira. Haka na koya miki.
To, ashe tsayawarsa ma haka ce."

Yau tamanin.
Allurar daji na jiran mu a wata mai kamawa, na sani,
ban rubuta wannan ba.
Ƙanena ya aiko a ba shi littafinsa, suna da jarrabawa.
Na ce ya ƙara haƙuri.
Saura layi huɗu a shafin,
ina ganin za su isa.